Rumasa'u da Audugar Rimi

Kwanakin baya labari ya zaga Ka'akiyya, wata unguwa a Makka, cewa Rumasa'u mai ɗinkin lihafi ta tsiro gemu. Ba ɗan gashi biyu ko uku irin na tsofaffin mata ba, a'a, gemu sosai, fari tas. Wata maƙwabciyarta ta rantse ta hango shi ta taga da idonta. Kafin azahar gemun ya sauka ƙirji. Kafin la'asar an ce tana shafa masa turare, har wai wani masallaci ya aiko a ji ko za ta karɓi limanci.

To ƙarya ne, jama'a, ku kwantar da hankalinku. Rumasa'u 'yar kawuna ce, taubashiyata, da gemun gaskiya ne da ni zan fara kai labarinsa gida gida. Auduga ce gumi ya manna mata a haɓa. Amma irin wahalar da audugar nan ta ba ta, da za a ce ta zaɓa, wallahi gemun za ta ɗauka.

A unguwar Misfala, nan cikin Makka, aka haife ta, a wani gida da yanzu in kana neman wurinsa sai ka shiga otal, ka tsaya daidai inda alhazai ke jibge akwatuna. Mahaifinta tsire yake gasawa. Ita kuwa tun tana 'yar shekara goma ta liƙe wa wata maƙwabciya 'yar Jawa mai keken ɗinki, tana tsince mata allura, tana zura mata zare, har matar ta gaji da korarta ta koya mata lihafi. Lihafi bargo ne mai ciki: a shimfiɗa ƙyalle, a ɗora auduga, a rufe da wani ƙyallen, a bi da ɗinki layi layi don kada audugar ta yi yawo. Kada ka ce me za a yi da bargo a Makka. Nan sanyin Allah bai cika damun kowa ba, na mukayyif ne, wato na'urar sanyaya ɗaki, ke kassara mutane. A kunna na'ura saboda zafi, a nemi bargo saboda na'ura.

Da ta auri Mukhtaru, wanda ke yi wa alhazai jagora a Mina lokacin Hajji, sai suka koma Ka'akiyya, ta kafa ƙaton kekenta na lantarki a ɗakin baƙi. In ta taka shi, tattabarun unguwa sai sun sake gari. Shekara ashirin da biyu tana wannan sana'a. Lihafan da ta ɗinka wa masaukan alhazai, in aka jera su, za su rufe hanyar Madina har a naɗo saura.

Audugar da take aiki da ita ta kanti ce, wadda ake kira faiba, tana zuwa a naɗe kamar darduma. Baiwar Allah ce mai ladabi, inda ka ajiye ta nan za ka same ta. Kuma babu ciwonta da Rumasa'u ba ta san maganinsa ba. In ta dunƙule, a matso da layukan ɗinki kusa da juna. In ta leƙo ta ramin allura, a sake allura. In ƙyalle ya tattare, a sassauta ƙafar keke. Mata har daga Jidda suke bugo mata waya, tana amsa su da cokali a hannu, ba ta ko rage wutar girki.

Ana nan sai kakarmu Ummulkhairi, wadda muke kira Sitti kamar yadda mutanen Makka ke kiran kaka, ta aika a kira ta.

Sitti ta haura tamanin da biyar, ita ta ce ɗari, mu ba ma musu. Tana 'yar shekara tara iyayenta suka taso da ita daga wani ƙauye a ƙasar Gwarzo, a ƙafa da jaki, ta Chadi, ta Sudan, shekara bakwai a hanya. Ba ta sake ganin ƙauyen ba. Yanzu tana zaune a gidan autanta, a bene na uku, ido ya yi rauni, sanyin na'ura yana shiga ƙashinta, in an kashe kuma zafi ya hana ta numfashi.

Ta sa Rumasa'u ta jawo wani dogon matashi daga ƙarƙashin gado.

"Uwata ce ta cusa shi," in ji ta, "da audugar rimin da ke ƙofar gidanmu. Na sake masa riga ta fi sau goma, cikin kuwa ban taɓa taɓawa ba. So nake ki baje shi ki yi mini lihafi. Kaina ya daɗe yana jin gida, saura jikina ya ji."

"Shi ke nan, Sitti? Kwana biyu ya yi yawa."

"Ke dai rage cika baki. Kuma kada ki haɗa mini shi da komai."

Rumasa'u ta yi dariya, ta saɓa matashi ta tafi. Ita ba ta taɓa ganin bishiyar rimi ba, ko a hoto. A wurinta auduga auduga ce. Ta farke matashin ta juye a buhun shinkafa, ya cika har wuya.

Ranar farko ta shimfiɗa koren ƙyalle, ta ɗebo audugar ta zuba. Fanka na juyawa. Kafin ta juyo da ƙyalle na biyu, rabin abin da ta zuba yana sama yana shawagi, wani ya nufi labule, wani ya bi taga ya tafi yawon ganin gari. Ta yi tsalle ta kashe fanka, ta kashe mukayyif, ta rufe taga. Daga ranar haka ta yi aiki, a tsakiyar zafin Makka, a ɗaki rufe, gumi na bin ta har tafin ƙafa. In ta yi atishawa sai ta juya bango.

Ta jera allurai ta kafe ƙyallen, ta kai keke. Audugar rimi santsi gare ta. Ƙafar keke na sauka, sai ta tsere gaba, kamar alhazai in an buɗe ƙofar mota. Da ta kai ƙarshen layi, tsakiyar lihafin fayau, ƙyalle a kan ƙyalle, audugar duk ta taru a gefe ta yi tozo. Ta zauna ta farke ɗinkin ɗaya bayan ɗaya. Da ta mayar da audugar buhu, sai ta ga wuyan buhun ya lanƙwashe.

Ta ce to, a matso da layuka. Ta matso da su har yatsa biyu ba sa shiga tsakani. Wannan karon audugar ba ta sami hanyar gudu ba, sai ta bi zare ta fito. Kowane ramin allura da ɗan farin gashinsa a tsaye. Koren ƙyalle ya koma kamar burodin da ya kwana bakwai a leda. In ta ja gashi ɗaya, goma su biyo shi. Ta sa siririyar allura, ta karye. Ta sake zare. Ta tsawaita ɗinki, ta gajarta shi, ta sassauta zaren sama, ta ɗaure na ƙasa. Duk abin da take gaya wa matan Jidda ta yi shi, har da wanda ba ta taɓa gaya musu ba. Keke ya fara tari, ya tsaya. Da ta buɗe cikinsa, sai ta zaro wani baƙin dunƙule, auduga ta sha mai ta zama kamar kashin awaki. Ta daɗe tana kallonsa a tafin hannunta. Wannan ma daga ƙofar gidan su Sitti ya taso, ya ƙetare teku, ya zo ya ƙare a cikin man keke.

Kullum da hantsi waya za ta yi ƙara.

"Ke mai kwana biyu, yau kwana nawa?"

"Ana kai, Sitti."

"Jiya ma sanyi ya hana ni sakat."

Rumasa'u ta yayyafa wa audugar ruwa don ta kwanta. Ruwan ya gangare ya bar ta a bushe, ko sannu ba su yi wa juna ba. Ta ɗauki 'yar kaɗan a leda ta kai wa wani tsoho mutumin Yaman mai gyaran katifa. Ya murza ta a yatsu, ya hura, ta tashi kamar hayaƙi.

"Ya binti, 'yata, wannan ta mutu tun kafin a haife ki. Silinta duk ya karye, gari ce. Ki zubar, ki sayi sabuwa."

Ta miƙa hannu tana kamo abin da ya hura, tsohon yana kallonta kamar mai taɓin hankali.

A lokacin buhu ya dawo rabi. Ta koma bin ɗaki da jiƙaƙƙen yatsa tana tsince abin da ya tashi, a labule, a bayan firji, a kan agogon bango. Ranar nan har cikin kofin shayin Mukhtaru ta sa cokali ta kwaso. Shi kuwa ya ga abin ya isa.

"Ke Rumasa'u, tsohuwar nan fa ba ta gani sosai. Ki shimfiɗa faiba, ki barbaɗa mata rimin a kai, shi ke nan. Wa zai gaya mata?"

"Ta ce kada in haɗa."

"To ki kai mata buhu ta rufa da shi."

Maganar ta kwana a ranta. Washegari ta ɗinka ɗan gwaji kamar tafin hannu, faiba a ƙasa, rimi a sama, ya fito sumul, layi kamar an ja da rula. Ta kai wa Sitti, wai ta taɓa ta ji laushin ƙyallen. Tsohuwa ta karɓa ta shinshina. Ta kai kunne ta matsa, ta sake matsawa.

"Wannan ƙara take yi kamar leda," ta ce. "Rimi ba ya magana."

Ta miƙo mata abinta, ba faɗa, ba zagi. Rumasa'u ta ce da ma mari ta sha, da ya fi sauƙi. Ta sauko benen nan uku tana riƙe da ƙarfen matakala.

Sai a mako na huɗu ta gano abin da uwar Sitti ta sani tun a ƙauye ba tare da keke ba: rimi ba a ratsa shi da allura, ɗaki ake yi masa a kulle shi. Ta samo yadi mai matsattsiyar saƙa, irin wanda ko iska sai ta nemi izini. Ta fara ɗinka ƙananan aljifai babu komai a ciki, kowanne kamar akwatin ashana biyu. Ta riƙa ɗura audugar da cokalin shayi, tana tura ta can ƙasa da tsinke, ta share bakin aljihun da ɗanyen tsumma, sannan ta ɗinke a inda babu ko sili ɗaya. Ya yi. Ba gudu, ba leƙe, ba tozo. Layi na farko da ya fito lafiya, ta kifa kai a kan keke ta yi ta kuka, don ta riga ta leƙa buhu. Abin da ya rage bai kai kwata ba. Da a ranar farko ta san wannan, da lihafin ya rufe Sitti har ya sauka ƙasa.

Ta rage cokali a kowane aljihu don ya yaɗu. Ta kakkaɓe buhun, ta juya cikinsa waje, ta kankare. Inda auduga ta ƙare, nan lihafi ya ƙare. Tsawonsa kamu biyu, faɗinsa ɗaya da rabi.

Ranar Juma'a bayan la'asar ta kai. Ina nan zaune, don ni kowace Juma'a a gaban tuwon Sitti ake samuna. Rumasa'u ta durƙusa, ta warware abin daga leda, ta shimfiɗa mata a gwiwa. Sitti ta shafa shi, ta kai hanci, ta matsa a kunne, ta yi shiru tana saurare. Fuskarta ta saki. Sai ta kama bakinsa ta jawo sama zuwa ƙirji, gwiwoyi suka fito. Ta mayar ƙasa, ƙirji ya buɗe. Ta lalubi gefe da gefe tana neman inda aka naɗe sauran.

"Ina ragowar?"

"Babu, Sitti. Ni na ɓarnatar. Ban san halinta ba, kuma ban tambaya ba."

Tsohuwa ta daidaita lihafin a kan gwiwarta. Na'ura na ta huci a bango.

"To," ta ce daga baya. "Gwiwar ce dama ta yi tafiyar. Bar mata."

Ta juya fuska wajen taga, hannunta biyu a kan abin. Rumasa'u ta jira ko za a ƙara wata magana, ba a ƙara ba. Ta tashi ta ɗauki mayafinta.

A matakala na cim mata, tana share ido da bakin mayafi. Ni kuwa bakina ba ya ganin irin wannan ya haƙura.

"Gwanar Makka da Jidda! An ba ki matashi a ce ki yi bargo, kin kawo hankici. Don Allah in na kawo miki rigata kada ki dawo mini da hula."

Ta tsaya, ta juyo, ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Ni dai na rufe mata gwiwa. Kai shekara arba'in kana cin tuwonta, ko ƙofa ba ka taɓa rufe mata ba. Matsa in wuce."