Kwalbar Shuɗi a Gindin Randa

A shekarata ta ƙarshe a kwaleji, malamarmu ta ba ni aikin haɗa ƙwayoyin azurfa masu kusurwa uku. Ido ba ya ganinsu, launin ruwan da suke ciki ne ke ba da labarinsu. Idan kusurwoyin sun fito ruwan ya yi shuɗi, idan suka mulmule ya koma rawaya. Ni da na girma ina ɓoye littattafan soyayya a cikin hijabi, sai na ɗauki shuɗin nan kamar masoyi mai saurin fushi.

Masoyin gaske ma yana nan, bakanike a garejin tireloli. Baba ya ce ba ɗaurin aure sai na gama karatu. Idan mai jarrabawa ya zo bai tarar da shuɗi ba, sai baɗi.

Shuɗin yana fitowa idan na zuba sinadarin ƙarshe mai sanyi ruwan yana juyawa. Amma bazarar Potiskum ba ta barin kusurwa. Da an ɗauke wuta firjin ɗakin gwaji ya saki, shuɗina ya fara ja, ya gangara rawaya. Ga sinadarin ya rage na haɗi ɗaya.

Da la'asar bakaniken nawa ya zo zance, na zayyana masa.

"Ranki ya daɗe, yanzu ruwan bula ne ya tare mini aure?"

"Ka yi ta dariya. Idan ya koma ruwan tsamiya, kai da tuzuranci sai baɗi."

"Subhanallahi! Ba ni ruwa in sha."

Na durƙusa gaban randar Inna, gwiwata ta taɓa jiƙaƙƙen yashin da ke gindinta. Sanyi ya ratsa ni. Na daɗe a wurin da moɗa a hannu.

Malama ta amince in yi haɗin ƙarshe in binne kwalbarsa a sanyin yashin nan, ta ce in naɗe ta da baƙar leda domin haske ma yana cin kusurwa.

"Ba dai cikin ruwan shanmu ba!" in ji Inna.

"A yashi, Inna."

Ta yi mita, amma kullum da safe ita ke yayyafa masa ruwa.

Ranar jarrabawa na shiga keke napep rungume da kwalbar cikin jiƙaƙƙen tsumma. A gaban mai jarrabawa na warware ledar. Ya ɗaga ta wajen taga. Shuɗi ne, kamar sama bayan ruwa.

Da na fito, masoyina yana bakin ƙofar kwaleji da baƙin mai a rigarsa. Na ɗaga kwalbar. Daga nesa ya fara washe baki.