Faifan da Inna Ta Ɓoye a Adudu

Babana ba ya son a ce da shi ɗan makaɗi, alhali kuwa shi ɗin ne. Kakana da kukumarsa ya baro Barno ya zauna a Fagge, har wasu Turawa suka ɗauki muryarsa a faifai tun ba a haife ni ba. Da ya rasu, Baba ya kama sayar da atamfa a Kantin Kwari, ya naɗa rawani, ya hana ko ambaton kukuma a gidanmu. Faifai ɗaya tak ya rage. Baba ya rantse duk ranar da ya gan shi sai ya fasa shi, shi ya sa Inna ta naɗe shi a tsohon zane ta cusa ƙasan adudunta.

Lokacin saura 'yan shekaru a ba mu mulkin kai, ina da shekara ashirin da biyu, ina ɗinki, ga taurin kan tsiya. A kasuwar Sabon Gari akwai wani dattijo Bayarabe mai sayar da garmaho da allurai. Shi aikinsa farautar tsofaffin faya-fayen da aka manta da su, ya aika Ikko a jirgi, wani ɗan ƙaramin kamfani ya sake buga su. Ban san wanda ya tsegunta masa namu ba.

"Ɗana," in ji shi, "in faifan nan ya fashe a adudu, kakanka ya mutu sau biyu ke nan."

Maganar ta zauna mini a rai. Ranar da na ɗauke shi don in kai wa dattijon, Inna na tsakar gida tana tankaɗe. Ta ga abin da ke cikin rigata sarai, ta kau da kai.

Wata uku ban samu sukuni ba. Ko gyaran murya Baba ya yi, sai in ɗauka ya gano. Har aljihu na taɓa ɗinka wa wani a baibai. Wallahi na yi nadama ba sau ɗaya ba.

Sai ran nan da hantsi na ga inuwar Baba a bakin shagona, da sanda a hannu. Ashe wani maƙwabcinsa a Kwari ne ya rera masa baitin farko na waƙar kakana yana dariya.

"Tashi mu je," ya ce.

Muka kama hanya daga Fagge har Sabon Gari. Yana gaba ina baya. Tun daga nesa na jiyo kukumar. 'Yan dako da leburorin tasha sun kewaye rumfar dattijon, har da wata tsohuwa da ta ajiye tallanta tana bin amshi. A kan tebur ga sababbin faya-fayen an jera, ga namu tsoho a gefe cikin zanen Inna. Idon Baba a kan zanen ya fara sauka.

Dattijon ya miƙe. "Sannu da zuwa, Malam."

"Wa ya ba ka?"

Dattijon bai dube ni ba, Allah ya saka masa. Amma zanen ya riga ya yi magana, in na yi shiru Inna ce za ta kwana a ciki.

"Ni ne, Baba. Ni na sato shi."

Bai waiwayo ba. Ya matsa gaban garmahon, mutane suka dare masa. Na ga yatsunsa sun ƙara damƙe sandar, sai na runtse ido ina jiran ƙarar fashewa. Faifan na ta juyawa, ba abin da ya fashe.

"Rage masa gudu," na ji Baba ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Kun mai da shi yaro. Babana bai taɓa waƙa da gaggawa ba."

Dattijon ya taɓa ɗan ƙarfen da ke gefen faifan. Muryar ta sauko, ta yi kauri, sai ga ta sak irin ta Baba in yana karatu. Ban taɓa sanin muryarsu ɗaya ba sai ranar.

Baba ya jingine sandar, ya zauna a benci tsakanin 'yan dako, ya ja amawali ya rufe bakinsa. Ni dai ina tsaye. Da waƙar ta ƙare allura ta hau ƙirƙir, ba wanda ya motsa.

Sai Baba ya ɗago ya dube ni, idonsa jajur.

"Kai da ka sato shi," ya ce, "zo ka sake wana mini garmahon."