Gawa Ɗaya, Gida Biyu

Bana shekara goma sha huɗu ke nan da ruwa ya ci yayana Sani. Yana dawowa Ikara daga kasuwar Makarfi a babur, ya ɗauko wani dattijo mutumin Kudan da zai je duba 'yarsa, rafi ya kawo ya tafi da su duka. Sai da ruwa ya janye aka tsinci gawa ɗaya a gonar rake, ba fuska, ba tufa. Yaya bai kai arba'in ba, dattijon ya haura saba'in, amma ba wanda ya iya rantsuwa a kan abin da ya rage.

Nauyin ya faɗa kan Hajara, matar Yaya. In gawarsa ce, ta yi takaba ta fita. In ba ita ba ce, ta zama matar ɓatacce, sai zaman jira na shekaru. Da aka zauna, dangin dattijon suka ce Sani ne, suka bar mana. Muka yi masa sallah muka binne.

Kwanan baya wani likita ya shaida mini cewa yanzu haƙori ɗaya ya isa raba irin wannan gardama. A cikin ƙashin haƙori akwai sinadarin da ke sauyawa a hankali tun daga yarinta. In an auna shi a ɗakin bincike, sai a kintaci shekarun mai shi, kuskuren ba ya da yawa. Na san Yaya, mutum ne da ya tsani kame-kame, ko kwan da zai saya sai ya gwada a ruwa. Da yana nan cewa zai yi a cire haƙorin gawar a auna, kowa ya huta.

Na je Kudan na sami babban ɗan dattijon, na ba shi labari, na tambaye shi yadda suka gane ba mahaifinsu ba ne.

Ya ce, "Ɗan'uwa, ba mu gane ba. Tsohuwarmu ta riga shi rasuwa, mu ba mu da mai takaba. Ku kuna da ita."

Hajara ta yi aure, 'ya'yan Yaya sun tashi a gabanta. Na so in san gaskiya, har yau ina so. Amma tun ranar, in na tsaya a bakin kabarin nan, mutum biyu nake roƙa wa gafara.