Famfon Man da Baba Ya Haɗa

Har yau in na bi ta bakin garaji na ji warin baƙin mai, sai in tuna tsakar gidanmu a wani ƙauye na ƙasar Buza, da tsohuwar motar Baba a gindin itacen bedi.

Ita kaɗai ce mota a garin. Ita ke kai albasa kasuwa, ita ke kai mara lafiya likita. Shekarar da nake ba ku labari, injinta ya mutu tun bazara. Baba ya sauke shi, ya yi wata biyu yana haɗawa. Ya sha gaya mana cewa injin da aka sake haɗawa, in aka tayar da shi a bushe, ƙarfe zai ci ƙarfe kafin mai ya zagaya. Saboda haka ya ɗauko tsohon famfon feshin gona, ya wanke shi tas, ya ɗaura masa tiyo, ya yi kwana uku yana goge wani ƙarfe har ya zauna daidai a jikin injin. Sai a cika famfon da mai, a yi ta bugawa, man ya ratsa ko'ina kafin a murza makulli.

Lokacin Inna tana da tsohon ciki, ni kuma ina da shekara tara. Wata safiyar damina naƙuda ta zo mata da jini. Ungozoma ta fito ta ce a kai ta likita a Madawa yanzu. Injin kuwa jiya-jiya aka mayar da shi, ba a taɓa tayarwa ba.

Kawu, ƙanen Inna, ya ce, "Yaya, tada motar nan mu tahi."

Baba ya ce, "In na tada ta a bushe, ko bayan gari ba ta kai mu."

Ya durƙusa ya fara bugawa. Ina jin nishin Inna daga ɗaki, ina jin ƙarar famfon. Tiyon ya fice, mai ya wanke masa fuska, ya sake ɗaure shi da waya. Can bisa tsauni hadari ya yi baƙi. Da ya murza makulli, motar ta tashi nan take.

Ba a tafi da ni ba. Kawu ne ya gaya mini sauran bayan na girma. Sun isa ƙoramar da ke kan hanya suka tarar ruwan tsauni ya sauko. Makiyayan wurin suka ce bai daɗe da zuwa ba, don wata amalanke ta ƙetare gabansu kaɗan. Suka jira har la'asar. A bakin ruwan Inna ta cika, da abin da ke cikinta.

Injin nan ya yi shekara goma sha ɗaya bai ba da wahala ba. Mutane suna yaba aikin, Baba ya sunkuyar da kai. Sai da ya tsufa, ido ya tafi, wata rana ina zuba masa fura ya ce, "Ɗiyata, da na tada ta a bushe, kina ga da mun ƙetare?"

Na ce kwanan Inna ne ya ƙare, Baba. Ya gyaɗa kai. Da damina ta zagayo ya sake tambayata.

Yanzu an yi gada a wurin. Direbobi ko rage gudu ba sa yi. Bara na ƙetare ta da 'ya'yana, suna ta hira a baya, kafin in ce musu ga wurin har mun wuce.