Ranar da na kulle zauren ƴan Gaya

A shekarun da nake sakatariya a wani ƙaramin biro, wato ofis, kusa da kasuwar Gaya, ni ce mai riƙe da makullin zauren ƴan garinmu na intanet. Zaure muke ce masa, amma adireshin imel ne guda: ka aika saƙo can, ya faɗa akwatin kowa, tun daga ƴan kasuwarmu na Yamai har ɗaliban da ke Kwatano da waɗanda aure ko aiki ya kai Turai. Ba don na fi kowa hankali aka ba ni ba. Bironmu ne ke da odinata, wato kwamfuta, da layi, kuma an san bakina ba ya nauyi.

Na sha fama da mutanen nan. Wani zai gaida abokinsa, sai ya gaida shi a gaban duniya, har da tambayar ko saniyar ta haihu. Wani ya amsa da “amin” kawai, ya bar tsohuwar magana tana jan ƙasa a bayanta kamar wutsiya. Ana zancen gyaran famfon makaranta, sai wani ya shigo da farashin shinkafa, bai ko canza kan maganar ba. Ga masu hotunan biki, alhali layinmu na Gaya sai in ɗora shayi in sauke, hoto ɗaya bai gama buɗewa ba. Ina bin su ɗaya bayan ɗaya a keɓe, don tun farko na ɗaukar wa kaina alkawari ba zan gyara wa babba kuskure a bainar jama'a ba. Wasu su gode, wasu su ce yarinyar nan ta cika iyayi.

Wanda ya fi ba ni aiki shi ne tsohon diraktan lakwal ɗinmu, wato makarantar boko, wanda ya koya wa rabin zauren karatu, har da ni. Mushe muke kiransa har yau, yadda ake kiran malamin boko a wajenmu. Bayan ya bar aiki matarsa ta rasu, sai ɗansa ya ɗauke shi zuwa Yamai. Da manyan baƙaƙe yake rubuta komai. Na ce masa a wannan fagen manyan baƙaƙe ihu ne, ya ce idonsa ne ya yi rauni, kuma ai da ihun ya mai da mu mutane. Sanarwa ita ce abincinsa: haihuwa, ɗaurin aure, ruwa ya ci gonaki a Yelu, wane ya dawo daga Makka. Yana can amma yana riga mu da ke cikin gari jin labarin garin. Ina yi masa tsiya a kan haka, a raina kuwa tausayinsa nake ji. Mutumin da gari guda ke rusuna wa ya koma zaman ɗaki a unguwar da ba wanda ya san shi, zauren nan ne kaɗai inda har yanzu ake amsa masa.

Ina da ƙawa tun ta ƙuruciya, ungozoma ce a Yamai, ita ma tana zauren. Mahaifinta manomin shinkafa ne a bakin kogi. Wata safiya lokacin yankan shinkafa, kawunta ya kira ni ya ce tsohon ya cika bayan sallar asuba, ba tare da wata doguwar jinya ba. Sun riga sun kira ta sun ce jikinsa ya motsa, ta taho, har ta shiga kar, babbar motar fasinja. Za a jira ta zuwa la'asar.

“Ke ce ƙawarta, ɗiyata,” in ji shi. “In ta kira ki kada ki ce komi. Kin san tana da tansiyo, jininta na hawa.”

Haka ake yi a wajenmu. Ba a jefa wa mutum mutuwar uwa ko uba yana kan hanya cikin baƙi. Ana bari ya iso, a zaunar da shi, a ba shi ruwa, babba ya faɗa masa da bakinsa, ga waɗanda za su riƙe shi a kusa. Kowa ya san wannan, ba wanda zai ɗauki salula ya kira ta. Ina cikin ɗaura kallabi zan tafi gidan rasuwa sai na tuna zaure. Mutanen da ko a mafarki ba za su kira ta ba, su ne za su rubuta ta'aziyya a can da zuciya ɗaya, don duk mai rubutu gani yake da jama'a yake magana, ya manta ita ma tana zaune cikin jama'ar. Ga shi tana cikin ƴan kaɗan ɗin da ke da salula mai karɓar imel, kuma ba ta ajiye ta.

Na tare kabu-kabu na ce ya kai ni biro. Na kunna odinata ina addu'ar kada a ɗauke wuta, layin nan yana jan jiki kamar da gangan. Da ƙyar na samu na juya zauren yadda ba saƙon da zai fita sai na sa hannu. Ban gama sauke numfashi ba na Mushe ya iso ya tsaya a hannuna: INNA LILLAHI a kan maganar, da cikakken sunan tsohon, da unguwarsa, da lokacin jana'iza. Bayansa wasu suka biyo, duk wanda labari ya kai ta waya sai ya garzayo zaure.

Ba a jima ba salulata ta yi ƙara.

“Madam, mi ya hana saƙona fita? Ko yanzu ni ma tace ni ake yi?”

“Mushe, ni na riƙe shi.”

Ya buɗe mini wuta. Ya ce sanar da mutuwa haƙƙin mamaci ne, ƴan Dosso da ƴan Malanbil za su iya samun sallar in sun ji da wuri, wa ya ba ni ikon hana bawan Allah masu yi masa salla? Gaskiya ce ya faɗa, kuma ta sosa ni. Na bari ya kai aya, sannan na ce ɗiyar marigayin tana cikin kar tsakanin Yamai da Dosso, ba ta sani ba, kuma saƙon zaure a tafin hannunta yake sauka.

Sai ya sauke murya ya tambaya:

“Tana cikin zauren?”

“Kai ka ce in sa ta, Mushe.”

“Subhanallahi,” in ji shi a hankali. “Da na kashe yarinyar mutane.” Sai ya ce in bar masa ƴan Dosso da ƴan Malanbil, zai bi su ta waya ɗaya bayan ɗaya. Ni kuma in rubuta wa sauran a gefe in gaya musu halin da ake ciki. Na rubuta, na cire adireshinta, na duba na sake dubawa kafin in aika.

Da hantsi ya ɗaga, ga nata saƙon ya faɗo cikin waɗanda ke jira. Kar ɗin ta tsaya a Dosso ne ta rubuta. Ta gaida manya da ƙanana yadda ta saba, ta ce tana kan hanyar gida, jikin babanta ya motsa, tana roƙon a sa shi a addu'a. Na kifa kai a kan tebur na yi kuka mai isata.

Riƙe shi ba zai yiwu ba. In ta ga ba wanda ya tanka, ni za ta kira, kuma na san muryata ba za ta iya ɓoye mata komai ba. Na saki nata shi kaɗai, na zauna ina tsaron amsoshi. Mushe ne ya fara. Ya rubuta cewa duk muna tare da ita, Allah ya kawo ta gida lafiya. Bai ƙara ko kalma ba. Sauran suka bi sawunsa: Allah ya tsare hanya, muna nan muna addu'a, ki sha ruwa ki kwantar da hankalinki. Wani ɗalibi ya rubuta Allah ya ba Baba lafiya, na riƙe shi, don ba zan bari a yi mata ƙarya da sunan addu'a ba. Wata yayarmu ta rubuta “kala suru”, sai haƙuri kenan da Zabarmanci, shi ma na riƙe, don wannan kalma ko yaro ya san inda ake faɗinta. Ban taɓa son mutanen zauren nan kamar ranar ba. Masu surutun da na sha faɗa da su, kowa ya auna bakinsa saboda mace ɗaya da ke cikin mota.

Gwaggonta ce ta tarbe ta a tasha, ta ce su biya ta gidanta ta wanke ƙafa tukuna. A can kawun yake jira, shi ya faɗa mata. Ba na wurin, sai daga baya aka ce mini ta zame daga tabarma, mata suka riƙe ta. Ta samu ganin fuskar mahaifinta kafin a ɗauke shi. Ƴan Dosso sun iso, ƴan Malanbil sun tsallako gada, sahu ya cika. A makon Mushe da kansa ya rubuta wa zaure cewa daga yau ba mai sanar da rasuwa sai ya tambaya ko iyalan da ke nesa sun ji, kuma ya sa hannu da cewa shi ne na farko da dokar ta kama.

Bayan an yi sadakar uku ta zo biro ta same ni, idonta a kumbure. Ta ce an gaya mata akwai saƙonnin ta'aziyyarta a hannuna. Na ja mata kujera na buɗe. Ta karanta su duka, har na Mushe mai ɗauke da sunan babanta. Ni kuwa ban san yadda za ta ɗauki abin da muka haɗu muka yi mata ba.

“Ƙawa, ban sani ba in gode miki ko in mare ki,” in ji ta.

Na ce duk wanda ta zaɓa na yarda.

Ta ce a Dosso, bayan ta karanta amsoshin, ta sauka ta saya wa babanta lemu da maganin sanyin ƙashi. Duk hanya tana shirya faɗan da za ta yi masa a kan shiga ruwan shinkafa da sassafe da shekarunsa, har tana jin irin amsar da zai ba ta tana murmushi ita kaɗai. Ta share ido da gefen mayafi.

“Saki saƙonnin mutane, zan amsa wa kowa nashi,” ta ce. “Ni dai daga Dosso har Gaya ina da uba.”