Audu Rogo Biyu

Jiya muna cike wa Baffana fom ɗin gyaran takardarsa ta barin soja, sai ga wani tsoho daga Ruwan Bago ya yi sallama.

Ashe da suna ɗaya aka rubuta su a soja, Audu Rogo. Ɗaya ya gudu daga fagen daga, laifin ya hau takardar Baffa.

Bayan gaisuwa tsohon ya ce, "Takwara, ni ne na gudu. Ka kai ni ofishin sojoji in faɗa."

Baffa ya ce, "Jikokinka fa za su ji."

Ya ce, "Gara su ji ina raye, kafin a tambaye ni a kabari."

Tsakani da Allah, a cikinmu wa zai iya?