Huɗu Bisa Goma

A layin masu gyara, idan ka tambayi Alƙali, ba wanda zai nuna maka kotu. Shagon gyaran keken ɗinki za a nuna maka, inda wani mai furfura a gemu ke zaune, tabarau a ƙarshen hanci, yana yi wa allura faɗa.

Littafinsa ne ya ja masa sunan. Shekara goma sha tara ke nan, duk gem ɗin kwamfuta da ya buga sai ya rubuta shi: ranar farawa, ranar gamawa, maki bisa goma, sannan sharhi da jan biro. Dokarsa ita ce ba ya ba da maki sai ya kai ƙarshe da hannunsa, kuma abin da ya rubuta ba ya gogewa. Gem ɗari uku da sha ɗaya, babu wanda ya haura bakwai. Wani na tseren mota da kowa ke yabo, biyar ya ba shi, wai ƙarar injin ba ta bin giya.

"Da a kotu kake," matarsa takan ce, "da har shaidu ka ɗaure."

Wata Asabar da safe autarsa, mai karatun kwamfuta, ta shigo shago ta ture ƙusoshi gefe, ta ajiye masa kwamfutarta.

"Baba, gem ɗin nan ni na haɗa shi. Wata huɗu ina kai. Ina so ya shiga littafi."

Ya so ya ce littafin ya cika, amma shafin yana buɗe a gabanta, fari fat.

Gem ɗin na wata akuya ne da ta ɓata tana neman gida. Kiɗan ciki kamar keken da ya shekara bai ga mai ba. In ka danna hagu, sai akuyar ta yi shawara tukuna. A mataki na uku kuwa, da ta yi tsalle sai kanta ya shige bango, ƙafafu na reto a waje. Sau arba'in yana komawa farko.

Wani tela ya leƙo. "Alƙali, kekena fa? Yau kwana shida."

"Bari na ciro akuyar nan."

Telan ya duba ƙarƙashin tebur, ya dubi Alƙali, ya yi masa fatan samun sauƙi ya tafi.

Ana cikin haka dabara ta faɗo masa. Gem ɗin da ba ya ƙarewa ai ba shi da maki! Ya koma gida har da 'yar waƙa. "Auta, doka ta ɗaure min hannu," ya ce, yana ɓoye murna. Kwana biyu murnar ta yi. A na uku yarinya ta gyara bangon, akuya ta wuce salin-alin, shi kuma ya kai ƙarshe ba da son ransa ba.

"Ka ba ta goma," in ji matarsa. "Hannunka ba zai karye ba."

"In na ba akuya goma, da wane ido zan kalli ɗari uku da sha ɗayan can?"

"Su za su yi jinyarka in ka tsufa?"

Kwana uku biro na bayan kunnensa. Ya zaro, ya mayar, ya yi wa almakashin da bai yi laifi ba tsawa. Daga ƙarshe ya ciji leɓe ya rubuta huɗu. Sai ya ga huɗun ta yi tsirara, ya ƙara layi don bayani. Layi ya zama shafi uku: jinkirin hagu, kiɗan nan, kogin da ake takawa kamar siminti. A can ƙasa ya sa: "Ƙofar gidan da aka bar wa akuya a buɗe, wannan daidai ne."

A tsaye autar ta karanta, a cikin shago. Shi kuwa ya duƙufa yana ɗaure ƙusar da take a ɗaure tun jiya.

"Huɗu, Baba?"

"Huɗu."

Ta juya shafi, ta sake juyawa.

"Malaminmu ya yaba, amma ko mataki na biyu bai wuce ba," ta ce. "Kai kaɗai ka ga ƙofar." Ta rufe littafin ta sa a hammata. "Zan dawo da shi in na gama gyara. Sai ka sake bugawa daga farko."

"Ke, littafina! Kuma kin san ba na gogewa!"

"To ka buɗe sabon layi."

Ta fice. Ya tsaya a bakin shago, biro a hannu, babu inda zai rubuta takaicinsa. Daga can tsallaken titi telan ya ɗaga murya: "Alƙali, akuyar ta fito?"

"Ta fito," ya ce. "Za ta dawo."